Katin Bashi a Amurka: A Biya Kafin Rufe Lissafi, Ko a Jira Takardar Wata ta Fito?

Akwai mutumin da yake biyan banki duk abin da ya kashe da katin bashi, bai taɓa makara ba, bai taɓa ba da ko sisin kwabo na kuɗin ruwa ba, amma ranar da ya je neman hayar gida ko bashin mota sai a ce makinsa, wato lambar da masu ba da bashi ke auna amincin mutum da ita, bai kai ba, wai bashi ya yi masa katutu. Wannan ya fi samun sababbin zuwa Amurka, a shekara ta farko da ta biyu, lokacin da katin hannunsu guda ne kuma iyakarsa ba ta wuce dala 500 ko 1,000 ba. Ba kuskure aka yi a lissafinsa ba. Ranar da yake biya ce ta sa sunansa ke fita da bashi a kai kowane wata.

Kamfanoni uku ne ke riƙe da tarihin bashin jama'a a ƙasar: Equifax, Experian da TransUnion. Na 'yan kasuwa ne, ba ma'aikatun gwamnati ba. Bankin da ya ba ka kati shi ke aika musu labarinka, yawanci sau ɗaya a wata. Doka ba ta tilasta masa aikawa ba, shi ya sa za ka ga wani ƙaramin banki yana kai wa biyu ya bar ɗaya, amma dokar 1970 da ke kula da wannan harka ta wajabta cewa abin da aka aika ya zama gaskiya. Abin da ke tafiya shi ne ranar da aka buɗe katin, iyakar abin da aka yarda ka kashe, bashin da ke kai, mafi ƙarancin abin da za ka biya a watan, da kuma ko kana biya a kan lokaci ko ka yi jinkiri. Ba a faɗa musu shinkafa ka saya ko tikitin jirgi, albashinka ma ba ya cikin rahoton. Katin cire kuɗi na asusunka kuwa ba ya shiga wannan lissafi sam, ko shekara goma ka yi kana amfani da shi.

Daga waɗannan bayanai ake fitar da maki. Wanda masu ba da bashi suka fi dubawa shi ne na kamfanin FICO, daga 300 zuwa 850. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa kashi 35 cikin 100 na makin yana kan tarihin biya, kashi 30 kuma yana kan yawan bashin da ke wuyanka, inda babban abin dubawa shi ne nawa ka ci daga cikin iyakar da aka ba ka. Sauran na tsawon shekarun tarihinka ne, da sababbin asusun da ka buɗe, da ire-iren bashin da ka taɓa riƙewa.

To, kowane kati yana da ranaku biyu, kuma mutane da yawa ɗaya kawai suka sani. Ta farko ita ce ranar rufe lissafi, ranar da banki ke tattara duk abin da ka kashe a watan ya fitar da takarda. Ta biyu ita ce ranar wa'adi, ranar ƙarshe ta biyan abin da takardar ta nuna. Dokar katunan bashi ta 2009 ta ce dole a aiko maka takardar aƙalla kwana 21 kafin wa'adi, kuma wa'adin ya riƙa faɗawa rana guda a kowane wata. Kuɗin ruwa da tara suna bin ranar wa'adi. Rahoton da ake kai wa kamfanonin nan uku kuwa, a mafi yawan bankuna, yana bin ranar rufe lissafi. Kamar mai hoto ne da ke zuwa sau ɗaya a wata: yadda ya same ka a ranar haka za a rataye ka a bango har ya dawo, ko da washegari ka sake kaya.

Mu ɗauki kati mai iyakar dala 1,000, ana rufe lissafinsa ran 10 ga wata, wa'adinsa ran 5 ga watan gaba. Mai katin yana kashe dala 800 a wata, cefane da mai da kuɗin waya.

Hanya ta farko ita ce wadda aka tsara katin a kanta. Ka bari ran 10 ta zo, takarda ta fito da dala 800, sai ka biya duka 800 ɗin kafin ran 5. Babu kuɗin ruwa, babu tara, kuma a tarihinka an rubuta ka biya a kan lokaci. Kuɗinka sun ƙara kwana 25 ko fiye a asusunka kafin su fita, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai jiran albashi. Ga shi ba ta da wahalar kiyayewa, domin kana iya ba banki izini ya riƙa cire cikakken abin da takarda ta nuna ta atomatik, ka manta da zancen. Aibinta ɗaya ne. Abin da ya isa Equifax da 'yan'uwanta shi ne 800 cikin 1,000, wato kashi 80. Biyan da ka yi ran 3 ko ran 4 ba ya goge wannan adadi, saboda kafin ran 10 ta sake zagayowa ka riga ka yi sabon cefane, takarda ta gaba ma za ta fito da wani 800 ɗin. Mai duba rahotonka zai ga mutum wanda kullum katinsa na dab da cika. Wanda iyakarsa ta kai dala 15,000 kuma yake kashe wannan 800 ɗin, shi kashi 5 da 'yan kai kawai ake gani a kansa. Kashewarsu ɗaya, biyansu ɗaya, amma makinsu ba zai zo ɗaya ba.

Hanya ta biyu ita ce ka riga banki. Ran 6 ko 7 ga wata ka biya dala 750, ran 10 takarda ta fito da dala 50, rahoto ya tafi da kashi 5. Sannan ka biya ragowar 50 ɗin kafin wa'adi. Jimillar abin da ka biya bai canza ba, lokacin kawai ka matso da shi. Ga mai ƙaramar iyaka, wannan na iya ɗaga makinsa sosai cikin wata guda, tunda a tsarin FICO 8, wanda ya fi yaɗuwa, ba a riƙon abin da ya wuce game da yawan cin iyaka. Adadin da ya zo na ƙarshe shi ake lissafi da shi. Watan jiya kashi 80, watan nan kashi 5, to makin na kashi 5 ne. Za ka ji ana ta maimaita cewa kada a wuce kashi 30. Ba doka ba ce, ba kuma wata katanga ce da maki ke faɗowa daga kanta ba. Iya ƙasa iya kyau, kuma masu maki mafi girma galibi ƙasa da kashi 10 suke. Ana duba kowane kati shi kaɗai, ana kuma duba jimillarsu, don haka kati ɗaya da ya cika maƙil yana ja da baya ko da sauran babu komai a kansu.

Sai dai wannan hanya tana da ramuka, kuma nan ya kamata a tsaya. Na farko, biyan da ka yi kafin rufe lissafi ba ya ɗauke maka biyan takardar da za ta fito. Ka biya 750 ran 7, ka sayi mai na dala 30 ran 9, takarda ta zo da 80. Wannan 80 ɗin yana da nasa wa'adin. Mutum ya saka a ransa cewa ai ya riga ya biya katinsa a watan nan, bai ko buɗe takardar ba, sai tara ta hau kansa a kan 'yan canjin da ba su kai kuɗin cefanen rana ba. Idan abin ya kai kwana 30 bai farga ba, sai ya shiga tarihinsa. Wanda ya je gyaran kashi 30 na makinsa ya ɓata kashi 35. Don haka duk mai bin hanya ta biyu kada ya kashe cirewar atomatik. Ya bar ta a matsayin mai tsaron baya. Ya kuma bincika yadda bankinsa ke yi, domin wasu suna rage abin da ka biya da hannu daga abin da za su cira, wasu kuwa suna cire adadin da ke takarda yadda yake, sai ka wayi gari an ɗebi kuɗi sau biyu ana dab da biyan haya.

Rami na biyu shi ne lokaci. Kuɗin da ka tura daga wani banki na iya ɗaukar kwana ɗaya zuwa uku na aiki kafin su zauna, kuma sayayyar da ke rataye ba ta shiga lissafi sai ta tabbata. Biya ran 10 ɗin kanta caca ce. A ba da tazarar kwana uku ko huɗu. Na uku kuma, wasu suna wuce gona da iri su share kowane kati tas kafin ranar rufewa, kullum rahoto ya nuna sifili. Tarihin biyansu yana nan lafiya, amma makin yakan ɗan gaza na wanda ya bar ɗan ƙaramin adadi ya bayyana a kati ɗaya, saboda tsarin yana son ya ga ana amfani da katin. Bambancin ba shi da yawa, ba abin hana barci ba ne, amma tunda wahalar ake sha don maki, gara a bar dala 10 ko 20 su fito a takarda sannan a biya su. Akwai kuma masu cika katin, su biya, su sake cikawa, su sake biya, har su kashe ninki uku na iyakarsu a wata guda. Bankuna ba sa son wannan, wani ma yakan riƙe kuɗin da aka biya na 'yan kwanaki kafin ya buɗe iyakar, ko ya rufe katin gaba ɗaya.

Hanya ta uku ban so in jera ta da waɗannan ba, amma dole, don ana yawan ba da ita a matsayin shawara. Wai ka riƙa barin bashi ya kwana a katin, kana biyan mafi ƙaranci, domin banki ya ga kana "aiki". Wannan magana ba ta da tushe. Barin adadi ya fito a takarda daban, ƙin biyansa a ranar wa'adi daban, kuma rikita biyun nan ne ya haifi jita-jitar. Makin FICO ba ya ƙaruwa don ka biya kuɗin ruwa. Wanda ya biya mafi ƙaranci da wanda ya biya duka, dukansu "ya biya a kan lokaci" aka rubuta musu, sai dai na farkon bashinsa na nan yana cin iyakarsa. Kuɗin ruwan katunan Amurka a 'yan shekarun nan ya haura kashi 20 a shekara a matsakaici. A ce naka kashi 24 ne: dala 800 za su haifi kusan dala 16 kowane wata. In ka biya 35, abin da ya ragu daga uwar kuɗin bai kai 20 ba. Abin da ya fi ciwo shi ne rangwamen kwanakin nan na tsakanin takarda da wa'adi, waɗanda ba a ɗora kuɗin ruwa a cikinsu, yana faɗuwa da zarar ka bar saura. Daga nan duk sabon abin da ka saya, tun ranar sayen kuɗin ruwa ke hawa kansa, kuma ko ka share bashin, takarda ta gaba takan zo da ɗan guntun ruwan kwanakin da suka gabata. Sai ka cika biya wata ɗaya ko biyu a jere rangwamen ke dawowa.

Sababbin tsare-tsaren maki ma ba su goyi bayan wannan hanya ba. VantageScore 4.0 na 2017 (makin wani kamfani ne da ke gogayya da FICO) da FICO 10T na 2020 suna waiwayar wata 24 su ga yadda bashinka ke tafiya, yana hawa ne ko yana sauka. A 2022 hukumar da ke kula da Fannie Mae da Freddie Mac, manyan kamfanoni biyu da ke sayen bashin gidaje daga hannun bankuna, ta amince da su biyun don bashin sayen gida. Ma'anarsa, mai jan bashi wata da watanni ba zai ɓuya ba, kuma dabarar share kati ana gobe neman bashi ƙarfinta zai riƙa raguwa a wurin masu amfani da waɗannan tsare-tsare.

Ga Musulmi zancen bai tsaya a lissafi ba. Hanya ta uku riba ce ƙarara, wadda shari'a ta hana. Ta farko da ta biyu babu kuɗin ruwa a cikinsu, amma malamai sun yi saɓani a kan sa hannu a yarjejeniyar tun farko. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a 2000, ta ce bai halatta a yi mu'amala da katin da aka sharɗanta ruwa a cikinsa ba, ko da mutum ya ƙudurta biya kafin wa'adi. Wasu malaman da ke zaune a Turai da Amurka sun sassauta saboda buƙata, da sharaɗin a riƙa biya duka a kan lokaci. Kowa ya tambayi malamin da ya natsu da shi. Abin da zan ƙara kawai shi ne, wanda ya riƙi katin a kan wannan sassauci, ya kula da tura kuɗi gida. Bankuna da yawa suna ɗaukar aika kuɗi da katin bashi, zuwa Kano ne ko Maraɗi ko Kumasi, a matsayin cire tsabar kuɗi. Irin wannan ba shi da kwanakin rangwame, ruwa na hawa tun daga ranar, ga kuma kuɗin caji a kai. A tura daga asusu ko da katin cire kuɗi.

Jinkiri shi ma yana da matakai, kuma sanin su na rage firgita. Ka makara da kwana biyu ko mako guda, banki zai ci ka tara, kusan dala 30 a karon farko, kusan 40 in ka maimaita, amma ba a kai rahoton jinkiri sai ya cika kwana 30 bayan wa'adi. Wanda ya farga a kwana na goma ya biya nan take, tarihinsa bai taɓu ba, kuma in ya kira ya roƙa, sau da yawa ana yafe tarar farko. Daga kwana 30 ake rubutawa, sai 60, sai 90, kowanne ya fi na baya muni. A kwana 60 banki na da damar ɗaga kuɗin ruwa a kan tsohon bashin ma. Wajen kwana 180 sai ya rubuta bashin a matsayin asara, yawanci ya miƙa wa masu karɓar bashi. Tabon yana zama shekara 7 a rahoto. Yawan cin iyaka kuwa wata ɗaya ke wanke shi. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya nuna wanne ya fi cancantar a ji tsoro.

A ganina, mai iyaka mai faɗi wanda ba ya shirin neman komai nan kusa ya tsaya a hanya ta farko, ya kunna cirewar atomatik ta cikakken adadi, ya daina leƙa makinsa kowace safiya. Makin da ya sauka da ɗan kaɗan a watan da ba ka neman bashi bai rage ka da komai ba. Hanya ta biyu ta masu ƙaramar iyaka ce, irin mai katin da aka ajiye dala 200 ko 300 na jingina kafin a bayar, wanda cefanen mako biyu ke cikawa. Ta kuma dace da mai samun kuɗi kullum ko mako-mako, direban tasi ko mai kai saƙo, wanda in ya bar kuɗin a asusu wata hidimar za ta cinye su kafin wa'adi. Shi biyan kowace Juma'a ya fi masa kwanciyar hankali, ko da babu zancen maki. Sabon shiga ya sani cewa FICO ba ya fitar da maki sai asusu ya kai wata 6, kuma tarihin da mutum ya tara a CRC ko FirstCentral ko CreditRegistry a Najeriya ba ya biyo shi kai tsaye. Daga sifili ake farawa.

Akwai abubuwa biyu da ke rage buƙatar hanya ta biyun. Bayan wata shida zuwa shekara na biya mai kyau, ka nemi a ƙara maka iyaka, amma ka fara tambaya ko za su yi binciken da ke bayyana a rahoto, domin irinsa na zama shekara 2, ko da yake tasirinsa a makin FICO na shekara ɗaya ne. Sannan kada ka rufe tsohon katin da ba a biyan kuɗin shekara a kansa don kawai ka samu sabo. Iyakarsa na cikin jimillar da ake raba bashinka da ita. Yawancin bankuna kuma suna yarda ka sauya ranar wa'adi, ranar rufe lissafi sai ta matsa tare da ita, ka daidaita su da ranar albashi.

Kafin ka ɗora dabara a kan ranar rufe lissafi, tabbatar bankinka da ita yake aiki, don akwai masu aika adadin ƙarshen wata maimakon na takarda. Shiga annualcreditreport.com, shafin da doka ta tanada, inda yanzu ake iya karɓar rahoton kamfanonin uku kyauta kowane mako. Duba ranar da aka sabunta bayanin katinka da adadin da aka rubuta, ka gwada da takardunka na wata biyu. In sun yi daidai da takarda, ka san ranarka. Kada ka ruɗe da makin da manhajar Credit Karma ke nunawa, na VantageScore ne daga TransUnion da Equifax, yana iya bambanta da wanda dillalin mota zai gani. In ka tarar da jinkirin da ba ka yi ba, ka shigar da ƙorafi wurin kamfanin da ya rubuta shi, doka ta ba su kimanin kwana 30 su bincika.

Mai shirin neman bashin gida a watan Yuni ya fara tun Afrilu: ya sauke katunansa kafin ranar rufewa ta Afrilu da ta Mayu, ya bar ƙaramin adadi a guda ɗaya, kada ya buɗe sabon kati ko ya ɗauki kayan ɗaki bashi. Sabon adadi yakan ɗauki 'yan kwanaki bayan rufe lissafi kafin ya bayyana, kuma ba rana ɗaya yake isa kamfanonin uku ba, alhali mai ba da bashin gida duka ukun yake jawowa ya ɗauki makin tsakiya. Yana kuma saka mafi ƙarancin biyan kowane kati cikin nauyin da ke kan albashinka, don haka ƙaramin adadi a rahoto na taimaka maka ta fuska biyu. In lokaci ya ƙure, ka biya amma rahoto bai nuna ba tukuna, tambayi mai ba da bashin ko zai nemi a sabunta makin cikin gaggawa da shaidar biyan. Shi kaɗai ke iya neman wannan, kuma yakan kammala cikin 'yan kwanaki.